Furen da ke cin mutane: sharhi kan tsohon fim ɗin Roger Corman na 1960

Wanda ya zo neman tsoro a wajen The Little Shop of Horrors ya kama hanyar gida, ba shi da rabo a nan. Fim ne baƙi da fari na minti 72, kuma daga farkonsa har ƙarshensa babu inda gabana ya faɗi. Dariya kam na sha, ko da yake ita ma ba a ko'ina ba.

Labarin bai da wuyar bi. Seymour yaron shago ne a wajen wani mai sayar da furanni a Skid Row, unguwar talakawa a Los Angeles. Sakarai ne na ƙin ƙarawa, duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Maigidansa Mushnick ya gama shirin korarsa ke nan sai yaron ya kawo wata baƙuwar shuka da ya rena a gida, wadda ya raɗa wa suna Audrey Jr. saboda Audrey, yarinyar da suke aiki tare, wadda ya mato a kanta. Shukar ta ƙi ruwa ta ƙi taki, tana ta yaushi, har daren da ƙaya ta soki yatsan Seymour jini ya ɗiga mata a baki. Shi ke nan. Ta fara girma, ta fara magana, dare na yi sai ta hau ihun a ba ta abinci. Da jinin yatsu ya daina isarta, sai maganar ta koma ta mutum sukutum.

Ni dai Mushnick ne ya riƙe ni a kujera, ba shukar ba. Mel Welles ya fito da shi a matsayin ɗan kasuwar da talauci ya daɗe yana gasawa, mai ƙorafi, mai faɗa, wanda ba mugu ba ne amma ba ya iya kallon ciniki ya kawar da kai. Wani dare ya dawo shago ɗaukar kuɗi, ya leƙa, ya ga da idonsa yaronsa na cusa wa shuka sassan jikin mutum. Ya kwana da niyyar kai ƙara wajen 'yan sanda. Gari na wayewa ya iske mutane sun yi layi a ƙofar shago don ganin abin al'ajabi, kowa kuma in ya shigo sai ya sayi fure. Kana kallon fuskarsa kana ganin niyyar tana narkewa. Daga baya ɗan fashi ya shigo masa da bindiga, shi da kansa ya nuna masa bakin shukar ya ce ai kuɗin na ciki. Wannan ne kaɗai wurin da fim ɗin ya taɓa ni da gaske, domin duk wanda ya zauna a kasuwa, Terminus ce ko Farin Gada a nan Jos, ya san mutumin da ya gane inda ribarsa ke fitowa amma ya zaɓi ya yi gum.

Masu shigowa shagon su ne sauran daɗin. Akwai wata dattijuwa da kullum sai ta zo sayen furen ta'aziyya, don kullum an yi mata rasuwa, kuma kullum tana neman ragi. Akwai Fouch, wanda Dick Miller ya fito a matsayinsa, mai sayen fure ya barbaɗa masa gishiri ya cinye a tsaye, fuska ba alamar wasa, har ya ce zai yi sauri gida don matarsa na dafa furanni na abincin dare. Uwar Seymour kuma ciwon ƙarya ya zame mata sana'a, abincin gidanta duk da magunguna ake haɗa shi. Myrtle Vail da ta fito a uwar, kakar marubucin fim ɗin ce, Charles Griffith. Shi Griffith ɗin shi ne muryar shukar, shi ne kuma ɗan fashin da ta haɗiye. Aikin gida sosai.

Sai Jack Nicholson, ɗan wasan Amurkan nan da ya yi suna sosai daga baya. Za ka ga an manna hotonsa ƙato a jikin wasu kwafin kamar shi ne jarumin, alhali fitowarsa 'yan mintuna ce. Yana ɗan shekara 22 lokacin ɗauka, ya fito a wani mai jin daɗin azaba da ya zo wajen likitan haƙori yana roƙon kada a yi masa allurar kashe zafi. Wurin yana da ban dariya, amma kada a saye ka da sunansa.

Da ƙanina muka kalla a gida, a Anguwan Rogo, cikin sanyin hunturu. Shi ɗaukar bidiyon biki yake yi, burinsa kuma ya shiga makarantar koyon fim ta ƙasa da ke nan Jos. Da na gaya masa cewa ainihin ɗaukar cikin shago kwana 2 da dare 1 aka yi, sai ya ce, "Haba Yaya, ai ko bikin 'yar gata ya fi haka cin lokaci." Gaskiya ce kuwa. A ƙarshen Disambar 1959 Corman, daraktan fim ɗin, ya yi ta, da wajen dala 30,000, a cikin ɗakunan da aka gina wa fim ɗinsa na baya, A Bucket of Blood, kafin a rushe su. An yi 'yan kwanaki ana gwaji tukuna, sannan aka kafa kyamara fiye da ɗaya a lokaci guda, yawanci a ɗauka sau ɗaya a wuce. Abin da ya shafi waje daga baya aka ɗauko shi a titunan unguwar. Wanda ya san finafinan camama na gida ba zai ji wannan baƙo ba: kuɗi kaɗan, kwana kaɗan, a dogara da bakin 'yan wasa. Bambancin shi ne nan an zauna an rubuta maganganun tsaf kafin a kunna kyamara, shi ya sa gaggawar ba ta kashe barkwancin ba.

Amma ta kashe wasu abubuwan. Shukar ba ta da kwarjini ko kaɗan, ba sai an gaya maka cewa wani ne ke buɗe mata baki daga ɓoye ba. Kashe-kashen Seymour kusan duk tsautsayi ne, kuma sau biyu da jifan dutse aka yi su: na farko ya jefi wani mutum ya faɗa kan hanyar jirgin ƙasa, na biyu wata mace mai zaman kanta. Wannan na biyun ya yi tsawo, bai da daɗin kallo, kuma an yi wa matar wulakancin da labarin bai bukata ba. Audrey ma ba a ba ta komai ba sai murmushi da kwaɓa kalmomi. Guje-gujen ƙarshe, inda ake bin Seymour cikin tarin tayoyi da kayan banɗaki, kana gani ka san cika lokaci ake yi.

Babbar matsala gare mu ita ce harshe. Rabin barkwancin Mushnick a cikin karyayyen Turancinsa yake, irin na Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga gabashin Turai. 'Yan sandan ciki biyu da ke magana a bushe kuwa, kwaikwayon wani shirin talabijin ne na 'yan sanda mai suna Dragnet da Amurkawa suka sani a shekarun 1950. Ƙanina bai ko murmusa musu ba, kuma ban ga laifinsa ba. In Turancinka na makaranta ne, kunna rubutun ƙasa.

Ƙarshensa ya yi mini. Ranar da za a ba Seymour lambar yabo, furannin shukar suka buɗe a gaban jama'a, kowanne ɗauke da fuskar wanda ta ci. Fuskokin ba su yi kama da na gaske ba, amma tunanin da ke bayansu ya fi duk wani jini da aka nuna nauyi.

Samunsa ba wuya. Corman, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 98, bai damu ya yi masa rajistar haƙƙin mallaka ba don bai zaci zai yi wata daraja ba, saboda haka yana nan kyauta a YouTube. Kwafin ne suka bambanta, wasu hoton ya dusashe, wasu sautin na shaƙewa, don haka gwada biyu ko uku kafin ka zauna. Akwai wanda aka shafa wa launi daga baya, ni na fi son baƙi da farin, don yana rufa wa shukar asiri. Kula kuma kada ka ɗauko na 1986 da Frank Oz ya shirya, wanda ya samo asali daga wasan dandamali na waƙe-waƙe da aka yi a 1982. Suna ɗaya ne, amma wancan na manyan kuɗi ne. Yara ƙanana kuwa a tura su barci tukuna, ko don wurin likitan haƙori da na matar nan.