Gilashin sikilera ya dawo mini da gani, amma sai da aka magance hazon tsakar rana

Duk mai fama da keratokonas, cutar da ke sa tantanin gaban ido ya yi siriri ya yi tsini, ya san akwai ranar da tabarau ke gazawa. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma sai da ta kai ba na iya karanta saƙon shigowar kuɗi a waya. Shi ya sa likitan idona ya ba ni shawarar gilashin sikilera, aka auna ni, aka yi odarsa daga waje.

Gilashi ne na roba mai tauri da ake sakawa a cikin ido, wanda iska ke ratsawa, faɗinsa yawanci milimita 15 zuwa 18. Ba ya taɓa baƙin ido, a kan farin ido yake zama. Kafin a saka shi ana cika shi da ruwan salin, wato ruwan gishiri na asibiti, wanda ba a sa masa sinadarin adanawa ba, sai ruwan ya cike duk inda tantanin ya karkace. Dabarar tsohuwa ce, tun 1888 Adolf Fick ya yi irinsa da gilashin gaske, sai a 1983 Donald Ezekiel na Ostireliya ya fito da mai ratsa iska. Ta fuskar gani ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Zanen atamfa ya fito mini ɗaya-ɗaya, fitilun mota suka daina ja mini wutsiya da dare. Alhamdu lillahi.

Matsalata ita ce hazo. Da safe garau, amma ana dosar azahar sai komai ya fara dusashewa, in ƙifta in ƙifta bai washe ba. Na kai kuka, likita ya haska fitilarsa ya nuna mini hoton: ruwan da ke ƙarƙashin gilashin ne ya gurɓace. Ya ce, “Alhaji, ba kai kaɗai ba ne, da yawan masu saka shi suna ganin haka.”

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da nake so kowa ya sani kafin ya kashe kuɗinsa. Ƙaramin gilashi mai tauri, irin wanda ake ɗorawa a kan baƙin ido, yana motsi da kowane ƙiftawa, sabon hawaye ya shiga, tsoho ya fita. Na sikilera kuwa yana lafewa a kan farin ido, musayar hawaye ta zama kaɗan ƙwarai. Ruwan da ka zuba da asuba kusan shi ne har dare, kamar kududdufi, abin da ya faɗa ciki ya zauna. Maiƙon fatar ido, yauƙin hawaye, matattun ƙwayoyin tantani da fararen ƙwayoyin jini duk suna taruwa. In ratar da ke tsakanin gilashi da ido ta yi yawa, ruwan ya yi zurfi, hazon ya fi kauri. Kuma farin idon mutum ba daidai yake ta kowane ɓangare ba, to in bakin gilashin ya ɗaga ta wani gefe, datti yana samun ƙofar shiga, fita kuma ta gagara.

Da farko cirewa nake yi in wanke in sake cikawa. Yana aiki, amma a tsakiyar kasuwa, da ƙura da rashin wurin wanke hannu mai kyau, wahala ce da kasada. Likita ya ce in riƙa ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na maganin ɗigon ido mai kauri da ake kira hawayen roba, shi ma mara sinadarin adanawa, a cikin salin ɗin. Ya rage. Abin da ya kawo sauƙi na gaske shi ne sabon gilashi da aka rage masa zurfi, aka kuma yanka bakinsa ya bi siffar farin idona. Yanzu mafi yawan ranaku ina kaiwa magariba ban cire ba.

Hunturu lamarinsa daban. Ƙura da bushewar iska suna ɓata saman gilashin, musamman in na hau Adaidaita Sahu. Wannan in ka ƙifta ko ka ɗiga magani yana washewa, da haka nake bambanta shi da hazon ƙarƙashin gilashi, kuma tabarau na rana yana tare da yawa. In kuwa ka cire gilashin hazon bai tafi ba, kana ganin zobe a jikin fitila, tantanin ne zai yiwu ya kumbura saboda ƙarancin iska. Wannan na asibiti ne, kada a kwana da shi.

Ruwan famfo ko na leda kada ya taɓa gilashin, saboda akantamiba, ƙwayar cuta da ake samu a ruwa, wadda ke iya makantarwa. Wajen alwala nakan rufe ido sosai, in goge fuska kafin in buɗe.

Yana da tsada, domin da dala ake lissafinsa, kuma samun salin ɗin da ya dace a Kano sai an nema. Duk da haka zan sake saya. Kafin ka biya, ka tambayi mai auna ka ko gyaran gilashi yana cikin kuɗin, kuma sau nawa za a gyara.