CosmicWatch: na'urar ƙirga muwon, ta cancanci kuɗinta?

Wani ɗalibin jami'ar MIT da ke Amurka ne ya tsara CosmicWatch, kuma kayan haɗinta kan kai dala 100, ban da kuɗin jigila. Aikinta ɗaya ne, wato ƙirga muwon, ƙwayoyin da ke samuwa kimanin kilomita 15 a sama idan firoton, wata ƙwayar zarra mai gudu daga sararin samaniya, ya daki iska.

A cikinta akwai roba mai ƙyalli idan muwon ya ratsa ta, santimita 5 da 5, kauri 1, da ɗan idon silikon mai ganin haske, da Arduino Nano, 'yar ƙaramar kwamfutar da ke yin ƙirgar. Duk mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai iya haɗa allon da dalma, kuma fawa bank ya isa ya riƙe ta, ba ruwanka da ɗauke wuta.

Wurin naɗe robar ake yawan kuskure. Takardar alminiyom ake fara sawa, sannan baƙin salatif ninki biyu ko uku. Ko ƙofar allura aka bari, haske zai shiga, lissafi ya haukace. Muwon ɗaya ke ratsa kowane murabba'in santimita a minti, don haka a sa ran wajen 25. Zariya na kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya arewa da kudu, inda yake kore ƙwayoyi masu rauni, saboda haka kada a yi mamaki in adadin ya ɗan gaza. In kuwa ya haura sosai, a zargi hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, daga bango da ƙasa, musamman wajen dutse irin na Kufena. Maganinsa na'ura biyu, ɗaya kan ɗaya, su ƙirga abin da ya ratsa su tare kawai. Zafin watan Afrilu ma na rage ƙarfin idon, sai a riƙa rubuta zafin ɗaki.

Malamai su kula wajen bayanin inda firoton ɗin ke samun ƙarfinsa. Igiyar girgiza, irin wadda fashewa ke haifarwa a sararin samaniya, na cilla ƙwayoyi gaba da baya, kowane tsallake su ƙara ƙarfi, tunanin da ya faro daga masanin fiziks Enrico Fermi a 1949. Haka ke faruwa idan gungun galaksi biyu suka yi karo (galaksi shi ne babban tarin taurari), amma da na'urar hangen rediyo ake ganin alamarsa. Abin da CosmicWatch ke ƙirgawa galibi daga galaksinmu yake, ana danganta shi da ragowar taurarin da suka fashe, kuma ba ta faɗin inda ƙwayar ta fito.

Ga ajin fiziks a Samaru, a sayi biyu. Ɗaya kaɗai ba ta bambance muwon da gama.