Sharhi kan wani asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa a Kano da saɓanin da muka samu kan maganin fargaba

Na shafe wata takwas ina shan Lexotan da nake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, saboda faɗuwar gaba da bugun zuciya da ke tashe ni cikin dare, kafin na je wani asibitin kuɗi a Kano da ke da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wurin yana da tsafta, ma'aikatan jinya suna da fara'a, kuma ban daɗe a layi ba bayan na yanki kati.

A ɗakin likita aka samu matsala. Da na ambaci sunan maganin, sai ya ce in daina sha daga wannan rana, ya rubuta mini wani maganin fargaba mai suna sertraline, ganawar kuma ba ta kai minti goma ba. Na ce masa, "Likita, idan na wuni ban sha ba, jikina rawa yake yi." Ya amsa da cewa ai wannan ita ce jaraba. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, domin ban taɓa shan ƙwayar nan don maye ba, barci kawai nake nema.

Na bi umarninsa. Kwana shida na yi ina karkarwa da gumi da tashin zuciya, barci ya ƙaurace mini, lambar da suka ba ni kuwa ba wanda ya ɗaga. Da na koma, na tarar da wata likita dabam, wadda ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce Lexotan dangin diazepam ne, wato magungunan kwantar da hankali da sa barci, ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan irinsu saboda jiki yana sabawa, kuma yanke su farat ɗaya bayan dogon lokaci yana iya kai mutum har ga farfaɗiya, shi ya sa ake rage su sannu a hankali. Sertraline kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, yana ma iya ƙara fargabar a kwanakin farko. Ta rubuta mini jadawalin ragewa da hannunta.

Na yarda cewa likitan farko yana da gaskiya da ya ce dole in rabu da Lexotan. Abin da ban yafe ba shi ne yanke hukunci a kan jikina ba tare da an saurare ni ba, alhali dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a tsara maganinsa tare da shi.

Yau wata uku ke nan, na sauko zuwa kwatan ƙwaya, ina kuma samun barci. Ina ci gaba da zuwa asibitin, amma na nemi a bar fayil ɗina a hannun likita ta biyu, kuma ranakun da take aiki kaɗai nake karɓar lokacin ganawa.