Kwalba ko 'yan ƙananan bututu: wanne ya fi wa busasshen ido sauƙi?

'Yar'uwa, kin ce Inna na ɗiga maganin hawan jinin ido safe da dare, yana yi mata raɗaɗi kamar barkono har ta fara ɓoye kwalbar, kina tambaya ko a koma 'yan bututun nan da ake karyewa a ɗiga sau ɗaya. Allah ya ba ta lafiya. Mun sha wannan da Baba a nan Tawa.

Sau da yawa ba maganin kansa ke cizo ba. A yawancin kwalabe ana sa wani sinadari, benzalkonium, don kada ƙwayoyin cuta su yi gida bayan an buɗe. Yana aikinsa, amma yana ɓata ɗan maiƙon da ke rufe hawaye. Ga ido dama a bushe, ga ƙurar hunturu tun Nuwamba har Fabrairu, ga shi kullum ana ɗigawa. Sai ido ya yi ja, mutum ya ji kamar yashi a ciki. Kwalba dai ta fi araha, ta fi samuwa, kuma tana kai kwana 28 bayan buɗewa kafin a yar.

Bututun babu wannan sinadari, shi ya sa ya fi laushi. Sai dai da tsada, wani lokaci har sai an aika Yamai, kuma wanda aka karya ba ya kwana. Hannun tsoho mai rawa ma ba ya iya shi. Baba ni nake matsa masa.

In Inna na ɗiga magani biyu ko uku a yini, ni a wurina bututu ya ci kuɗinsa. Magungunan hawan jinin ido irin su timolol da latanoprost duk ana yin su a bututu, amma likitan ido ne zai canza takardar, ba mai farmasi ba. Don Allah kada ta daina kafin nan, ganin da wannan ciwo ya cinye ba ya dawowa.

In kuwa kwalbar ce daidai aljihu, ki fara ɗiga mata ruwan jiƙa ido da ake sayarwa a farmasi, ki jira minti 10, sannan magani. Ɗigo ɗaya ya isa. Ta rufe ido, ki danna lungun da ke jikin hanci minti 2. Kwalbar kada ta kwana a taga, ki ajiye ta gindin randa inda ke da sanyi. Kwalli kuma ta ɗan huta da shi har jan ya sauka.