Jirgin waya da na yi oda: tashi kam yana tashi, amma ƙugiyar ta cuce ni

Masu ta tambayata a kan ɗan jirgin saman wasan nan, to ga yadda muka kwashe. Ba mai rimot ba ne fa, wayoyin ƙarfe ne sirara guda biyu, tsawonsu wajen mita 18, kana tsakiyar fili riƙe da mariƙi kana juyawa shi kuma yana zagaye ka. Ka karya hannu sama ya hau, ka karya ƙasa ya sauko. Na ɗauki mai batir ne don mai injin, man nasa sai an haɗa methanol da man zurma, wa zai tsaya yawon nemansu a Sabon Gari.

Gaskiya a iska ba shi da laifi. A filin Race Course nake tashinsa da sassafe kafin 'yan ƙwallo su cika wurin, kuma ba kusa da wayar NEPA ba, don wayar nan ƙarfe ce, ta taɓa ta lantarki sai dai a yi maka addu'a. Adungure yake yi sumul, ya kifa ciki sama ya ci gaba da tafiya, har lamba 8 na fara zanawa da shi. Ka dai bar iska a bayanka in za ka yi wasan, sai wayar ta tsaya a miƙe.

To amma ƙugiyoyin da ke haɗa waya da jirgin, wallahi shara ce. Ina tsakiyar adungure kawai na ji hannuna ya yi sako-sako, ɗaya ta buɗe, waya ɗaya ta rage, jirgin ya murɗa ya dawo ya daki ƙasa da hanci, katakon balsa mara nauyi na jikinsa ya tarwatse, yara na ta ihu wai "Malam ya faɗo!" A gasar F2B, wato gasar adungure da irin waɗannan jiragen, sai an ja wayar da nauyin jirgi sau 10 kafin a bari ka tashi, wannan kuwa ko iskar hunturu ba ta gani ba ta saki. Na tura wa mai sayarwar hoto, wai in sayi wasu, ko haƙuri babu, kuɗin kawowa kuma ni da aljihuna.

Da na ce zan ba shi cikakken maki, yanzu kam rabi ma da ƙyar. Na manne fiffiken da gam ya koma aiki, amma ya ɗan karkace yana ja gefe. In za ka saya, cire ƙugiyoyinsu ka zubar tun a kwali, ka nemi masu kauri.