Hoton magudanar ƙwaƙwalwa bayan buguwar kai: na allura ko IRM zalla?

Ɗan'uwa da ya yi tambaya kan ƙanensa da ya faɗi daga kabu-kabu ba kask, sikanar, wato hoton cikin kai da aka yi masa, ta fito lafiya lau amma yau wata biyu mantuwa da rashin barci sun ƙi sakinsa, wai ya ji akwai hoto iri biyu da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke wanke dattinta, wanne ya fi? Allah ya ba shi lafiya.

Ita magudanar gaskiya ce. A 2012 su Maiken Nedergaard da Jeffrey Iliff na jami'ar Rochester a Amurka suka bayyana ta, suka sa mata suna gilimfatik: ruwan nan da ƙwaƙwalwa ke ninƙaya a ciki yana bin gefen jijiyoyin jini ya kutsa ciki ya kwaso datti ya fice, kuma a cikin barci ya fi aiki. A 2014 suka gwada a ɓeraye, bayan buguwar kai aikin ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100 har tsawon wata guda, wani furotin da ake kira tau ya riƙa taruwa. Ɓera fa na ce, ba mutum ba.

To na allurar, wani sinadari ne gadoliniyom ake zubawa a ruwan lakar gadon baya da ke haɗe da na ƙwaƙwalwa, sai a riƙa sa mutum a IRM, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ana maimaita hoton awa bayan awa har kwana ɗaya ko biyu, ana kallon inda ya shiga da lokacin da ya fita. Likitocin Oslo a Norwe ne suka yi fice a kai. Kamar ka zuba shuni a bakin magudana da damina ka bi shi da ido har tabki. Wannan shi ne gani da ido, amma allura ce a ƙashin baya, ga ciwon kai da kan biyo baya, kuma ba don a zuba shi a nan aka ƙera sinadarin ba, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba.

Na biyun DTI-ALPS, wani masani Taoka na Japan ya fito da shi a 2017. Ba allura, ƴan mintoci a IRM, kwamfuta ta auna yadda ruwa ke motsi a wani ɗan lungu kusa da kogon ruwan ƙwaƙwalwa ta ba da lamba ɗaya. Sauƙi kam akwai, sai dai ni ban cika yarda da shi ba ga wanda ya bugu, domin buguwar kanta tana yaga zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa a irin wurin, to in lambar ta sauka magudana ce ta toshe ko zaren ne ya lalace? Masanan ma suna ta musu.

Gaskiyar magana duka biyun na bincike ne, ba wanda likita zai duba ya rubuta maka ordonans a kai, kar ka sai da gona ka nufi Yamai ko Kano neman su. Sikanar kuma da ma jini da karayar ƙoƙon kai take nema, fitowarta fes ba ta nufin yaron ƙarya yake.

Ku koma wurin likitan da ya gan shi ku faɗi zancen barcin da mantuwar, ya rage shayin dare a fada da latsa waya. In kuwa ciwon kai na ƙaruwa, ko amai, farfaɗiya, yawan gyangyaɗi, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun rasa ƙarfi, a kai shi asibiti a ranar, jini kan taru a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan faɗuwa ko da hoton farko bai nuna komai ba.