Littattafai uku kan tambayar wauta, da wanda ya ci kuɗinsa

'Yata ce ta jawo min wannan sayayya. Shekararta bakwai. Wata rana muna cikin mota ta ce, "Baba, idan duk mutanen duniya suka yi tsalle lokaci guda, duniyar za ta gusa?" Na ce ta yi min shiru, tuƙi nake. Da dare abin ya tsaya min a rai, domin na san ba tuƙi ne ya hana ni amsawa ba. Ban san amsar ba ne, na fake da sitiyari. Garin neman amsa na ci karo da littafin da ya yi magana a kan wannan tambaya tata sak, kuma tunda aljihu ya riga ya buɗe, na haɗa da wasu biyu masu irin alkawarinsa: ɗaya na kasuwanci, ɗaya na addini. Duka ukun cewa suke kada ka ji kunyar tambayar da za a yi maka dariya. Wata biyu ina juya su.

Na farkon sunansa What If?, na Randall Munroe, ya fito a 2014. Mutumin ya karanta kimiyyar fiziks, ya yi aikin haɗa mutum-mutumi a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, daga baya ya ajiye ya koma zanen barkwanci da 'yan mutanensa masu kama da tsinke. Mutane ke aiko masa da tambayoyin da babu mai hankalin da zai yi su a aji, shi kuma ya zauna ya yi musu lissafi kamar an ba shi kwangila.

Ga yadda ya yi da tambayar 'yata. Ya tara mutanen duniya duka a wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, ya nuna cewa faɗin jihar Rhode Island, wadda ta fi kowace jiha ƙanƙanta a Amurka, ya ishe su. Aka yi tsalle aka dira. Duniya ba ta san an yi ba, domin nauyinta ya ninka na 'yan Adam sama da sau tiriliyan goma, motsin da za ta yi bai kai faɗin ƙwayar zarra ba. Wani marubucin a nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya ce to, an yi tsalle an gama, yanzu ta ina mutum biliyan bakwai za su koma gida? Layin waya ya cushe, filin jirgin sama ba zai kwashe su ba, motoci sun cika titi man fetur ya ƙare, babu abinci, kowa da yarensa. Bala'in duka a watsewar taron yake. Na karanta wa yarinyar ina fassara mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "To Baba, wa ya kai su can ɗin?" Marubucin ma bai damu da wannan ba, cewa ya yi a ɗauka da tsafi aka kai su.

Abin da ya ɗaure ni da littafin shi ne bai taɓa yi wa mai tambaya dariya ba. Dariyar daga amsar take fitowa. An tambaye shi ko mutum zai iya iyo a tafkin da ake ajiye ragowar makamashin nukiliya. Ya bayyana cewa ruwa garkuwa ne mai ƙarfi, kowane santimita 7 na ruwa yana rage rabin tururin gubar, saboda haka wanda ya tsaya a saman ruwan bai nutsa ƙasa ba, lafiyarsa lau. Bayan ya gama lissafi ya tuntuɓi wani abokinsa da ke aiki a irin wurin, abokin ya ce mutuwa za ka yi tun kafin ka kai bakin ruwan, domin masu gadi za su harbe ka. Na koyi yadda ruwa ke tare guba, kuma ban manta ba, saboda harsashin masu gadi ya liƙa min shi a ƙwaƙwalwa.

Yana da nasa cikas. Da Turanci yake, kuma wasu barkwancin sai wanda ya san rayuwar Amurka. Babin da aka jefa ƙwallon besbol da kashi 90 cikin 100 na gudun haske ya ƙare da fashewar da ta share filin wasan da kewayensa, wannan na gane. Amma zolayar ƙarshe a kan dokar wasan ce, ni kuwa ban san dokar ba, sai na zauna kamar wanda aka ba labari da kurman baƙi. Wasu babukan kuma lissafi ya yi musu yawa, na tsallake biyu ko uku ban ji na yi asara ba. Kashi na biyu ya fito a 2022, ban kai gare shi ba tukuna.

Na kasuwancin shi ne A More Beautiful Question na Warren Berger, shi ma 2014. Ɗan jarida ne, kuma ya iya ba da labari. Tsarinsa tambayoyi uku ne a jere: me ya sa abu yake haka, idan aka yi kaza fa, ta yaya za a yi. Labarin da ya fi zauna min shi ne na Edwin Land. A 1943 ya ɗauki 'yarsa hoto, tana da shekara uku, ta tambaye shi me ya sa ba za ta ga hoton yanzu-yanzu ba. Duk babban da ya san sai an wanke fim a ɗakin duhu zai ce yarinta ce. Land ya ɗauki maganar da gaske, a 1948 kyamarar Polaroid mai fitar da hoto nan take ta shiga kasuwa. Akwai kuma Van Phillips, wanda ya rasa ƙafa a hatsarin wasan ruwa a 1976, ya dubi ƙafar roba da katako da aka ba shi ya ce me ya sa ba za a yi wadda za a iya gudu da ita ba, ya kwashe shekaru har ya ƙera ƙafar nan mai lanƙwasa da masu tsere ke sawa.

Labaran da daɗi. Damuwata ita ce duk na waɗanda suka ci nasara ne. Mutum nawa suka yi irin tambayar a wurin aiki aka harare su, ko suka zuba jarinsu a kanta suka tashi a tutar babu? Ba a rubuta littafi a kansu. Kamfanin Polaroid ɗin ma ya durƙushe a 2001, lokacin da kyamarar dijital ta amsa tambayar yarinyar nan fiye da yadda mahaifinta ya amsa. Sannan littafin ya yi tsawo. Abin da ya faɗa a kashi ɗaya cikin uku na farko shi yake ta maimaitawa da sababbin sunaye.

Duk da haka ya yi min rana sau ɗaya. A wurin aikinmu muna buga wani rahoto kwafi uku duk ƙarshen mako. Wani sabon ma'aikaci ya tambaya a taro, cikin sanyin murya, ina kwafi na uku yake zuwa. Aka yi shiru, wani ya yi murmushin nan na "yaro man kaza". A da ni ma da na bi sahu. Sai na tuna dabarar Taiichi Ohno na kamfanin Toyota, ta maimaita "me ya sa" har sau biyar kafin a yarda an kai tushen matsala, na ce a bi sawun takardar. Ta kai mu wani akwati a bayan ƙofa. Sashen da ke karɓar kwafin an rufe shi tun kafin yawancinmu mu fara aiki. Ba wani kuɗin kirki aka ceto ba, takarda ce da tawada, amma yaron ya daina magana ƙasa-ƙasa a taro.

Na addinin ba zan kama sunansa ba, domin shi ne ya ɓata min rai. Ƙaramin littafi ne na tambaya da amsa, bangonsa ya yi alkawarin tambayoyin da kake kunyar yi wa malami. Da na buɗe sai na tarar an wanke tambayoyin an goge su, babu wadda ta yi kama da ta fito daga bakin mai rai. Marubucin ne ya tsara su daidai da amsar da yake da ita a hannu. A wurare ƙalilan da tambaya ta gaske ta kutso, irin wadda yaro ke yi, wato wa ya halicci Allah, sai amsar ta koma faɗa: raunin imani, rashin tarbiyya, laifin iyaye. Na rufe shi na ce ashe kunyar da ake ji tana da dalili.

Abin haushin shi ne addinin da yake magana da yawunsa ya fi shi faɗin ƙirji nesa ba kusa ba. Ita wannan tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya faɗa cewa za ta zo wa mutane, ya kuma koyar da abin yi: a nemi tsarin Allah a dakata. Da sahabbai suka zo suka ce suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, bai kore su ba, ya ce musu wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ummu Sulaim ta tambaye shi ko mace za ta yi wanka idan ta yi mafarki, Ummu Salama na wurin har ta rufe fuska don kunya, shi kuwa ya amsa. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Anas ɗan Malik ma ya ce suna jin daɗi idan wani baƙauye mai hankali ya zo ya yi tambaya su kuma su saurara. Annabi Ibrahim da kansa ya roƙi Ubangiji ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, don zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shigo littafin ba.

Ban ce babu iyaka ba. Aya ta 101 a Suratul Ma'ida ta hana tambayar abin da bayyanarsa zai munana wa mai tambaya, kuma labarin saniyar Bani Isra'ila ya nuna yadda tambayar neman zamewa ke mayar da abu mai sauƙi ya yi tsanani. Amma magabata sun san yadda ake sallamar mai tambayar banza ba tare da an karya shi ba. Ana ruwaito cewa wani ya tambayi Sha'abi sunan matar Iblis, ya ce wannan ɗaurin aure ne da bai halarta ba. Imamu Malik kuwa ya shahara da cewa "ban sani ba" a gaban wanda ya yi doguwar tafiya don ya tambaye shi. Mai ƙaramin littafin nan bai ce bai sani ba ko sau ɗaya, daga bango zuwa bango, bai kuma yi murmushi ba.

In littafi ɗaya mutum zai saya, ya sayi na Munroe. Na Berger a aro, a karanta farkonsa a mayar. Na ukun yana nan a ƙasan kanta, na rasa wanda zan ba shi ban cuce shi ba.

Na Munroe yanzu ba ya hannuna. Yana ƙarƙashin matashin kan yarinyar, tana kallon zanen tana ƙirƙiro nata bayanin tunda Turancin bai zauna mata ba. Shekaranjiya ta kawo min shi a buɗe, ta ce, "Baba, wannan fa, idan aka kashe rana?" Babin ya jero alfanun da za a samu ɗaya bayan ɗaya, har da cewa an huta da bambancin agogo tsakanin ƙasashe, sai a layin ƙarshe ya ambaci illa guda: sanyi zai kashe mu duka. Na fassara mata, na ƙara da cewa sai bayan minti 8 da 'yan daƙiƙu za mu san an kashe, domin tsawon tafiyar hasken ke nan kafin ya iso mu. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ta ce minti takwas ya ishe ta ɗauko bargo.